Lambobin da Na Goge da Soso

Kafanchan, Asabar, biyar saura kwata na asuba

Na fita gida da kwamfuta a ka, kamar mai tallan doya. Akwatin kawai na ɗauka, na bar allon a gida. Mama ce ta naɗe ta da tsohon kwat ɗin Baba na aikin jirgin ƙasa, ta ɗaure da igiya. "Kar hanya ya girgiza shi," in ji ta. "Ubangiji ya kai ki lafiya."

Ga dalilin tafiyar. Shekara biyu Baba yana ba ni labarin rayuwarsa a layin dogo, ina bugawa a wannan tsohuwar kwamfuta da yayana ya aiko mini daga Legas. A watan Afrilu na 1997 ya rasu. Dangi suka ce a karanta labarin washegarin Kirsimeti, ga shi saura mako uku. Ranar Laraba na kunna ta, sai ta ce ba ta ga faifan cikinta ba. Ƙananan faifan da na kwafa a kai kuwa tun da damina suka yi funfuna. Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. Shi ya sa na nufi Kaduna wurin mai gyara.

Na biya naira ɗari biyu da hamsin, direba Ɗanladi ya ce a sa kayan a but ɗin mota. Na ce a cinyata za su zauna. "Madam, jariri ne?" Na ce ya fi jariri. Biyar da rabi muka tashi.

Madakiya zuwa Kachia

A Madakiya wata mata ta shiga da buhun citta, muka yi ta atishawa har Zonkwa. Duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga akwatin sama, hannuna har ya sage. Bakwai da rabi muka tsaya a Kachia, na sayi ƙosai na naira goma, shi ma na kasa ci. Muka wuce Kajuru tara saura.

A shingen Mararaban Rido wani ɗan sanda ya leƙo ya ce mene ne a cikin rigar. Na kwance masa gefe ɗaya. Ya dubi akwatin, ya dubi maɓallan kwat ɗin, ya ce shi ma mahaifinsa ma'aikacin jirgi ne. Ya ɗaga mana hannu.

Kaduna, goma da kwata

Malam Sabi'u mai gyara ɗan Kafanchan ne, kusa da rumfar Mama mahaifinsa yake sayar da yadi. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya kwance murfin. Minti biyar bai yi ba ya nuna mini wani ɗan batiri kamar kwabo.

"Wannan ne ya mutu, Anti Rahila. Shi ke riƙe mata tunani in an kashe ta. Faifan lafiyarsa lau, ta dai manta girmansa ne."

Ya sa sabo. Na fara godiya, sai ya ce in dakata. Irin wannan tsohuwar, in ji shi, ba ta gane faifai da kanta, sai an shigar mata da lambobi uku. Ya ciro faifan ya juya, takardar jikinsa ta koɗe fes. Ya duba littafinsa, babu irinsa. "Masu haɗa su sukan rubuta a jikin akwati. Ba ki taɓa ganin wani rubutu ba?"

Na gani mana. Rubutun alƙalamin maka ne baƙi a gefen akwatin, ya daɗe yana ba ni haushi. Makon jiya da muka fara sharar Kirsimeti na sa soso da sabulu na dirje shi, har ina yaba kaina.

Da na gaya masa, Malam Sabi'u bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce zai iya canka, amma in ya yi kuskure abin da ke ciki na iya dagulewa. Na zauna a benci na rungume kwat ɗin, ina jin kunya da haushin kaina. Sai na ji wani abu mai tauri a aljihun ƙirji.

Ɗan littafin Baba ne. Shekara talatin yana rubuta lambar taragu, har abin ya zame masa jiki: duk lambar da ya gani sai ya kwafa. Mun sha yi masa tsiya a kai. Na buɗe, ga lambar kekensa, ga ta rediyo, ga ta mitar wuta. A shafi na kusa da ƙarshe ya rubuta "Injin Rahila", da lambobi uku a ƙasa.

Malam Sabi'u ya shigar da su, ya kashe, ya kunna. Kwamfutar ta yi ɗan gurnaninta, sai ga sunayen babi goma sha ɗaya sun jeru. Na yi kuka a shagon mutane, ban damu ba. Ya hura mata ƙura, ya kwafa mini komai a sababbin faifai har kashi biyu, ya ƙi karɓar ko sisi sai kuɗin batiri da faifan. A ƙofar shagon na cinye ƙosan Kachia, ya yi sanyi amma bai taɓa yi mini daɗi haka ba.

Komawa

Ɗaya da rabi muka bar Kaduna. Na yi barci tun daga Kajuru har Zonkwa, akwatin a cinyata. Shida da minti goma na shiga gida, na tarar akwai wuta. Mama ta jawo kujera. "Karanta mini na farko."

Na karanta inda Baba ya ce ranar da ya fara aiki ba shi da takalmi. Mama ta ce, "Ƙarya yake, yana da shi, ya ɓoye don kar ya tsufa." Ta yi dariya har ta share ido.

Na gode wa Allah, na gode wa Malam Sabi'u da Ɗanladi da ya lallaɓa ramuka. Kafin mu ci tuwo na ɗauko alƙalamin maka na mayar da lambobin a gefen akwatin, manya-manya, yadda Baba ya rubuta su.