Tanderun Goggo Mabruka

Duk wanda ya taɓa cin tuwon cika-ciki a gidanmu na Dala ya san ba a tashi daga tabarma sai an ji dokar bana. Da an gama da wutsiyar ragon layya, Goggo Mabruka za ta wanke hannu, ta ɗauki muciya ta ƙwanƙwasa turmi, ta ce, "Jama'ar gidan nan, a buɗe kunne." Abin da ya fito daga bakinta kuwa ya zauna ke nan har wata shekara. Bana babu mai kai ɗinki wurin tela. Bana kowace yarinya sai ta iya saka hannun riga kafin azumi. Akwai shekarar da ta haramta zubar da ƙyalle ko da bai fi faɗin yatsa ba, muka yi ta tsince-tsince kamar kaji, ƙarshe ta haɗa mana wani bargo wanda in baƙo ya gani sai ya tambaya ko lafiya. Amma akwai dokar da ba ta taɓa sauyawa ba: ba a cin burodin kanti a gidan nan, gurasar tanderunta ta ishe mu.

Ni 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi tun daga yaye, saboda haka ba ji na yi ba, gani na yi. Kuma ni ce 'yar aikenta. Ku da kuka san ta kun san cewa ko da yake kakanninta daga Turabulus suka zo, a kunyar ɗan fari ta fi Bafulatana. Ba ta faɗin sunan Yaya Bashir, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gabanta, gwiwarsa na taɓa tabarmarta, sai ta juyo wajena ta ce, "Ke Hadiza, gaya wa wancan..." Ni kuma in juya in maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Duk rigimar da uwa da ɗa suka yi a gidan nan ta bakina ta bi.

Na fara shan wuyar wannan aiki ne lokacin da Yaya ya sami aikin ofis. Wata rana ya shigo da burodi dogo a leda, yana wani ɗaga kai, ya ajiye a gabanta. Goggo ta ɗauka, ta juya shi, ta danna da babban yatsa, ta tsaya tana kallon yadda ramin yake cikowa.

"Gaya wa wancan an gode. Tambaye shi ina abincin yake, don ni dai iskar na gani."

"Yaya, Goggo ta ce..."

"Na ji! Ki ce mata shi ake ci yanzu a ko'ina."

"Ce masa nan ba ko'ina ba ne."

Ba ta jefar da shi ba, don Goggo ba ta san zubar da abu ba. Washegari sai ga burodin a gefen keken ɗinkinta, ta tsittsire shi da allurai ya koma kamar bushiya. Yaya ya zo wucewa ya tsaya sororo. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, tana murza kekenta ta ce, "Gaya masa na janye maganata. Ashe yana da amfani."

Shi tanderun yana kusurwar tsakar gida, dab da ƙofar soro. Mahaifiyarta ce ta girka shi a wurin, in ya tsage Goggo ta kwaɓa yumɓu ta liƙe da hannunta. Da sassafe za ta cika shi da kara ta kunna, sai wutar ta kwanta ya yi jawur, sannan ta jiƙa hannu, ta ɗebo kwaɓi, ta zura hannu har kafaɗa ta manna a jikin tukunyar. Hannunta na dama ko gashi ɗaya babu. Ba ta ɗora wa kowa talla, wanda ya sani shi ke aikowa, kuma in ta ga dama ta ce yau ta gida ce. Wallahi har yau in na ji ƙanshin karan da ya fara ci, sai yunwa ta kama ni.

To, sai ga shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki. Gari ya ɗauka, kowa ya zama ɗan siyasa, har da Yaya Bashir, wai kansila yake nema. Kansila fa kawai, amma har da buga atamfa mai hotonsa, fuskarsa a zagaye a zagaye yana murmushi. Matan jam'iyya suka ga ai babu wadda ta dace ta ɗinka musu anko kamar mahaifiyar ɗan takara, suka jibgo mata yadi.

Abin da ba su sani ba, Goggo ba ta yanka don hoto, don yadi take yanka. Inda awo ya faɗa nan almakashi zai bi, ko da ta tsakiyar hancin mutum ne. Ranar taro mata suka fito, kai jama'a! Wannan kunnen Yaya a kafaɗarta, waccan haɓarsa a hammata, wata kuma hularsa ce kawai ta samu, ita ma a kife. Fuska cikakkiya ɗaya ce ta tsira, ta sauka a mazaunin shugabar mata, mace ce kuwa da Allah ya yi wa jiki. Tana rawa Yaya yana murmushi yana karkaɗa kai. Da ta gaji ta nemi benci.

Ya dawo gida kamar zai tashi sama. "Hadiza, ki tambaye ta me na yi mata! A gaban jama'a aka zauna a kaina!"

Goggo tana warware zare ta ce, "Gaya wa wancan da na bi fuskarsa da rabin yadin ya tafi a banza. Kuma wanda yake son jama'a su zaɓe shi, gara ya saba da a zauna a kansa tun yanzu."

Ragowar ƙyallen ma ba ta bari ba. Shi take jiƙawa ta naɗe damtse in za ta shiga tanderu. Duk da haka ya ci zaɓensa, wasu ma sun ce ankon nan ne ya sa kowa ya san shi.

Cin zaɓen ne ya jawo babbar rigima. Baƙi suka yi yawa, soro ya kasa, Honorabul yana son gina falo, kuma babu inda falon zai zauna sai kusurwar tanderu. Ga hayaƙi yana ɓata wa manyan mutane manyan riguna, ga 'yan adawa suna kiransa ɗan mai gurasa. Ya ce zai sayo mata abin gashi mai aiki da gas, fari tas, ta zauna ta huta.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, na ga tsoro a fuskar Goggo. Muna tankaɗe ta ce mini a hankali, "Hadiza, in aka fasa tanderun nan, mece ce ni a gidan nan? Tsohuwa mai jiran a miƙo mata kwano." Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta ciyar da gidan nan da hannu ɗaya tun rasuwar mijinta, yau ita ce ta tsare wa mutane wuri.

Yaya ya san ba zai iya da ita gaba da gaba ba, sai ya zo da dabara. Ya tara gida kaf bayan la'asar, ya ce yanzu zamanin dimokuraɗiyya ne, ba a yin abu da ƙarfi, a jefa ƙuri'a. Wanda yake son falo ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, har da na waɗanda bakinsu yake da maiƙon gurasar safe. Kun san kanku, wasunku ma kuna karanta wannan, ban manta ba. Ni dai hannuna yana kan cinyata.

Goggo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙe, ta ɗauko muciya, ta ƙwanƙwasa turmi, ba ranar cika-ciki ba, ba komai ba.

"Jama'ar gidan nan, na soke zaɓen."

Yaya ya ce, "Hadiza, ki gaya mata an wuce wannan zamanin! Mulkin farar hula ake yi!"

"Gaya wa wancan farar hula ta tsaya a soro. Daga nan zuwa ciki sojoji ba su miƙa mulki ba."

Bai haƙura ba, ɗan wa ne? Da ya tashi tafiya wani taro, sai ya turo magina da diga da shebur, ya ce kafin ya dawo a share wurin. Suka yi sallama da hantsi, suka tarar tanderu ya yi jawur, Goggo na zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno. Ta tarbe su da fara'a kamar surukai.

"Sannunku da zuwa, bayin Allah. Ai ba a fasa tukunya da wuta a ciki, ku zauna ta huce."

Suka zauna. Ta sa na yayyafa wa gurasa ruwa, na barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, na zuba man gyaɗa da albasa, na kai musu faranti a cike. Suna ci tana ƙara kara. Azahar ta yi wuta ba ta mutu ba, suka tafi. Washegari suka dawo suka tarar da wuta, suka ci, suka tafi. Haka aka yi ta yi har wasu da ba magina ba suka fara biyo su da shebur a kafaɗa. Da Yaya ya dawo ya ga tanderu na nan, magina kuma sun yi kumatu, ya hau babbansu da faɗa. Mutumin ya cire hula ya sosa kai.

"Ranka ya daɗe, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni dai digata ba za ta hau tanderun Hajiya ba. Amma in ka yarda, akwai yadda za a yi da bangon."

Shi ya sa falon gidanmu yake da wannan lanƙwasar da baƙi ke tambaya. Bangon ya taho tiryan-tiryan, da ya iso kusurwar Goggo sai ya rusuna ya kauce. Kujera ba ta zama daidai a wurin, labule ba ya rufewa. In manyan baƙi suka zo hayaƙi yana shiga ta taga ya gaishe su, kuma babu wanda ya taɓa tashi bai nemi a ƙunsa masa gurasa ba.

Abin da magina suka kasa, ciwo ne ya yi. Bayan wasu shekaru ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun nan da ke shiga wuta ya koma sai an ɗaga mata shi. Tanderu ya huce. Ta daina cin abinci sai kurɓar kunu, magana ma sai ka kasa kunne. Wata Juma'a da safe ta ce a fito da ita tsakar gida, a kunna kara, ni kuma in yi kwaɓi. Yaya ya fito cikin babbar riga zai fita. Ta dube ni.

"Gaya wa wancan ya tuɓe rigar nan."

Ya tuɓe. Mutum da furfurarsa, ya durƙusa a bakin tanderu da 'yar shara, yana leƙa ciki kamar rijiya. Gurasar farko da ya manna ta faɗa cikin garwashi. Ta biyu ma haka, ya fizgo hannu yana salati, gashin hannunsa na ƙauri.

"Ce masa wuta ta san mai tsoronta. Ya jiƙa hannu, ya yi bisimilla, ya manna ya fito."

Da ƙyar ɗaya ta kama, karkatacciya, gefe ya ƙone, gefe da toka. Ya ciro ta ya kawo mata da hannu biyu. Ta gutsira da hagu, ta daɗe tana taunawa, mu duka mun zuba mata ido.

"Gaya masa kwaɓin ya yi kyau."

Na ce, "Goggo, ai ni na yi kwaɓin."

Ta ce, "Na sani."

Muka fashe da dariya, har da shi. Amma matar da ta yi kwanaki ba ta haɗiyi abin kirki ba, sai da ta cinye gurasar nan tas, har ƙonannen gefen, ta tsince ɓurɓushin da ya zuba a zaninta. Yaya ya shige falonsa ya turo ƙofa, muna jin kukansa ta tagar da hayaƙi ke shiga. Goggo ba ta ga wata Juma'ar ba.

Mun yi rashi, Goggo. Gidan ya yi faɗi, babu mai kafa mana doka, kowa yana yin abin da ya ga dama, kuma babu daɗi. Ya Allah, baiwarka Mabruka ta ƙare rayuwarta tana zura hannu cikin wuta don mu ƙoshi. Ka haramta wa wuta jikinta, ka sanyaya makwancinta, ka yafe mata, ka sa Aljanna ce makomarta. Amin.