Tanderun da Aka Shafa wa Jan Fenti

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Ya Bukar mai gidan burodi a unguwar Gomari, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Bana dai na daure, domin abin da ya bari a bayan gidan burodin ya hana ni sakat, kuma wallahi na gaji da riƙe maganar ni kaɗai.

Ya Bukar bai yi boko ba. Ni aka sa a makaranta har na zama malami, shi ya sa yake kirana Malam Takarda, da tsokana, ko a gaban baƙi. Shi hannu Allah ya ba shi. Lokacin da daji ya gagari masu saran itace, hukuma kuma ta tsananta hana sare bishiyoyi, masu burodi da yawa sun kashe wuta sun koma gida. Ban taɓa jin ya zagi dokar ba. Cewa yake yi ai gaskiya ce, mun cinye inuwar garin nan a cikin tanderu. Sai ya lura da ɓuntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, ana cinna masa wuta don a rabu da shi. Ya ce wannan wutar da ke ci a banza, shi zai sa ta gasa burodi.

Ya kusa shekara yana gina sabon tanderun yana rushewa. Ya kwaso tsofaffin ƙarafa daga Kasuwar Kwastam a keke, ya kwaɓa laka da kansa. Ba ya amfani da tef, da taƙin hannunsa yake awo, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji, nima na taya su. Ranar da ya kama, wuta tana huci, bututu kuma ba ya fitar da komai sai ɗan farin hayaƙi, duk muka daina dariya. Burodin ya fito jawur, ba ƙauri.

A nan ne na yi wautar da har yau take cina. Na ce masa wannan ba abin ɓoyewa ba ne, a kira jami'an kula da muhalli su gani, ƙila ma a ba shi lambar yabo. Ya ce, “Malam Takarda, wuta tana ci, burodi yana gasuwa. Me kuma kake nema?” Na matsa masa. Da hannuna na rubuta wasiƙar gayyatar, da Turanci, ina ta jin daɗin kaina.

Su uku suka zo. Ba su yi mana rashin mutunci ba, har burodin sun ci. Amma takardar hannunsu tanderu iri biyu ta sani: na itace, da na kamfani mai lamba a jiki. Babbansu ya tambayi sunan kamfanin da ya ƙera, da takardar gwaji. Ya Bukar ya ɗaga masa hannayensa biyu. Mutumin ya juyo gare ni ya ce, “Malam, ba mu ce ba ya aiki ba. Cewa muka yi ba mu san shi ba.” Suka shafa wa ƙofarsa jan fenti, kada a sake hura shi sai an kawo takarda.

Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya cinye. Wannan ya ce je wurin wancan, wancan ya ce oga ya tafi taro. Da ƙyar na samu injiniyan da ya yarda ya sa hannu, shi ma ya ce sai an kawo zanen cikin tanderun. Na ajiye wa Ya Bukar biro da takarda. Ya daɗe yana juya biron, ya ja layi biyu, ya ture. Ya ce hannunsa ne ya sani, shi kansa bai sani ba. Daga nan ya koma tsohon tanderunsa na itace, wanda doka ta san da zamansa, ya ci gaba da shaƙar hayaƙi har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai taɓa ce min ni na jawo ba. Daina kirana Malam Takarda kawai ya yi, ya koma kiran sunana na yanka, kuma wannan ya fi min zagi zafi.

To ga yau. Watanni kaɗan da suka wuce jami'ai suka sake zuwa, sababbin fuskoki, suna raba takardu masu hoto, wai masu burodi su bar itace su koma amfani da tarkacen gona. A hoton akwai wani tanderun ƙarfe mai sheƙi daga waje, wanda ko mun sayar da gidan ba za mu iya sayensa ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Da Ya Bukar yana nan me zai ce? Ina jin zai miƙa musu burodi ne ya koma bakin aikinsa.

Wata matashiya a cikinsu ta hangi jan fentin, ta tambaya, na ba ta labari. Ta ce yanzu akwai hanyar yi wa ƙirar gida rajista, in dai an ga yana ci kuma an kawo awonsa. Sau uku muna hura tanderun nasa, sau uku yana turnuƙe mu da hayaƙi. Maginin da na kira ya ce hanyoyin iskar suna can cikin gini, ba mai ganinsu sai an fasa. Na je wurin matar marigayin, Ya Falmata, wadda ke riƙe da gidan burodin, ina inda-inda. Ta ce, “Kai ka rufe shi da takarda, sai ka buɗe shi da guduma. Amma a hankali.”

Ranar Asabar muka fara sauke shi, bulo ɗaya bayan ɗaya. Da muka kai hanyar iskar, sai ga sawun hannunsa a busasshiyar laka, a buɗe, daga bango zuwa bango, inda ya dafa ya auna. Haka a kowace kwana. Na ɗora nawa a kai, bai kai ba. Magini ya ja tef ya faɗi lambar, ni kuma na rubuta.

Ban sani ba ko sabon da za mu gina zai kama. Ban sani ba ko kafin mu gama za a sake canza takardar, na ga irin haka da yawa, ban kuma da ƙarfin yawon da na yi a da. Gidan burodin yana nan, har yau da itace yake gashi. Tanderun ya zama tarin bulo a gefen katanga. Abin da ya rage min shi ne shafi guda na awon hannun yayana, zanen da suka nema tun yana da rai. Na kammala shi jiya bayan La'asar, na tsaya a bayan gidan da shi a hannu, ba wanda zai kalle ni ya ce Malam Takarda.