Keken da Ake Tuƙawa a Kishingiɗe

Maigidana ya faɗi da mashin a hanyar Dutsin-Ma farkon damina, shekarar da nake goyon yarona na biyu. Akuya ce ta shigo mashi. Ba a ga jini ba, har mutane suna ta cewa an yi arziki. Sai da aka kwana biyu ya kasa tashi daga tabarma. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka kai shi asibiti aka ɗauki hoto, aka ce wani abu ne ya goce a ƙashin bayanshi, can ƙasa wajen ƙugu, yana danne jijiya. An nuna mani hoton ban gane komai ba. Abin da na gane, mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya koma sai na riƙa mashi buta.

Awo yake yi a shagon wani Alhaji mai hatsi, a bakin kasuwar Kurfi. Da wannan muke ci. Alhajin ya zo dubiya, ya zauna a zaure, ina jin su daga bayan ƙofa.

"Ko zama ne ka zo ka yi," in ji shi. "In sa maka kujera mai majingina, ka sa ido kan masu awo. Amma ka san kaka. In sabon gero ya fara shigowa ba ka wurin, dole in sa wani. Ba don ina so ba."

Tun daga ranar na fara duban gonakin bayan gidanmu da wani irin ido. Kowa na murna gero ya yi kyau, ni kuwa duk tsawon da ya ƙara sai gabana ya faɗi.

Gidanmu a ƙarshen gari yake, kasuwa kuma a can ɗaya gefen. Da ya fara samun sauƙi ya gwada takawa, bai kai rijiyar unguwa ba ƙafar hagu ta riƙe. Aka ɗauke shi a mashin, ramin farko ya yi ƙara aka dawo da shi. Keke kuwa sai an sunkuya, shi kuma sunkuyon ne aka hana shi. Amma in ya kishingiɗa ya jingina bayan, ƙafafun nan garau suke, har yakan ɗora yarinyarmu a kansu yana lilo da ita.

Yana da taubashi mai walda a Dutsin-Ma, mutum mai baki, ba ya shigowa gida bai tsokani kowa ba. Shi ya ga ana wannan lilon, ya tsaya yana kallo, ya ciro waya ya nuna mashi wasu mutane suna tuƙa keke a kishingiɗe, feda a gaba, ƙafafu a miƙe.

"Wanga ya dace da kai," ya ce. "Da ma can kai malalaci ne, yanzu ka samu hujja. Zan sa mashi taya uku don kada ka ba mu kunya."

"Taya uku? Ni gurgu ne?"

"To mi kake?"

"Biyu za ka sa. In ba haka ba bar abinka."

Na so a ce uku aka sa, amma ba a tambaye ni ba.

Aka kawo shi a saman motar kasuwa, yaran unguwa na biye. Gawar kekuna biyu ce aka haɗa. Tayar gaba ƙarama, ta keken yara, mazaunin kuwa bayan kujerar ƙarfe ne irin ta makaranta, an kwantar da shi. Sarƙa doguwa tun daga hanci har baya, an jona ta wuri uku. Sabuwar waldar tana warin ƙuna. Na yanko soson tsohuwar katifa na ɗinke shi cikin atamfa, na ɗaure a majinginar, na ƙara wani ɗan dunƙule daidai ramin ƙugunshi.

A tsakar gida muka fara, ni riƙe da bayan kujera, goyo a bayana. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa keke da mashin, sai ga shi kamar bai taɓa gani ba. Da ya ɗaga ƙafa ta biyu sai jikinshi ya nemi tashi zaune, ya ƙanƙame kan keken, tayar gaba ta yi ta rawa, mu tafi gefe. Ni ke tare nauyin da cinyata. Wata rana gefen rigarshi ya shiga sarƙa ya yage har aljihu. Daga nan na riƙa naɗe mashi rigar in cusa a gaba, in ɗaure ƙafar wando da roba. In zai karya kwana, diddigenshi ya taɓa tayar gaba. Yarinyar tana zaune kan turmi tana tafi duk sanda muka karkace, ita wasa ta ɗauka.

"Sake ni mana!" yakan ce.

In na saki ya ce, "Ke, kashe ni za ki yi?"

Da rana yakan sha magani ya yi barci mai nauyi. A irin wannan lokacin ne na sa wandonshi a ƙarƙashin zane, na saka sakata, na hau. Ban taɓa hawa keke ba, a gidanmu mace ba ta hawa, shi ya sa jikina ba shi da wani abin da ya saba balle ya yi gardama. Na faɗi kan tulin itace, na faɗi jikin randa. Can wata rana na gaji, na saki kafaɗuna, na bar bayana ya nutse cikin soson, na daina kallon ƙafafuna na kalli saman katanga. Sai kawai keken ya tafi. Daga bakin madafi har zaure, ba rawa. Na tsaya, na ji kamar in yi kuka, don ni ba inda za ni da shi.

Da la'asar na ce mashi, "Maigida, na lura da wani abu. Ka daina riƙe shi da ƙarfi. Ka kwanta sosai kamar za ka yi barci, ka dubi nesa. Kuma ka fara da fedar dama tana sama, ka tura ta gaba ɗaya."

"Wa ya faɗa maki?"

"Ido gare ni."

Ya dubi sawun taya a ƙasar da na share da safe, ya dubi gwiwar hannuna da ta ɗaye. Sannan ya hau keken. Ya kwanta, ya dubi nesa, ya tura.

Daga nan abin ya zo. Muka koma filin bayan gida da sassafe kafin mutane su fito. Ya koyi rage gudu kafin yashi, ya koyi janye ƙafa in zai juya. Ni kuma tsorona ya koma kan motoci, don kanshi bai wuce tsayin tayar babbar mota ba. Na samo doguwar sanda na ɗaure a baya, na sa mata ƙyallen ɗankwali ja. Ya ce na mai da shi motar kamfen. Ban cire ba.

Abu ɗaya ne bai zo ba, tashi. Hawa da tafiya duk da sauƙi, amma in ya tsaya sai ya sauke ƙafa biyu, ya numfasa, ya juya gefe, ya dafa kujera, ya miƙe a hankali baya a tsaye kamar mai ɗauke da tulu cike. In ya yi gaggawa ciwon ya soke shi har yatsa. Mun san da wannan. Mun yi lissafin yashi, mun yi na motoci, mun yi na karnuka. Ba wanda ya tuna da gaisuwa.

Hanyar kasuwa ta ƙofar gidanmu na haihuwa ta bi. Babana yana zama a dakalin ƙofar gida da hantsi, shi da tsofaffin unguwa, tun kafin a haife ni. Tunda aka ɗaura mana aure maigidana bai taɓa wuce wurin a kan abin hawa ba. Tun daga nesa yake sauka, ya tura, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kanshi a ƙasa har sai an sallame shi.

Ranar da zai fara fita, gero ya riga ya fitar da kai. Na ce za ni gaida Inna, ya ce in je. Gaskiya ba gaisuwa ta kai ni ba, so nake in ga wucewarshi. Na tsaya a cikin zaure ta inda ƙyauren ya tsage, Baba da mutanenshi suna waje, bayansu gare ni.

Jan ƙyallen na fara hangowa. Yana tafe sumul, bai taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Sai da ya matso na ga abin da su suke gani: mutum kwance, ya miƙo tafin ƙafafu biyu saitin fuskokin dattawa, yana harba su ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne wanga ke tafe kwance?" in ji wani tsoho. "Halan wani basarake aka naɗa ba mu ji ba?"

"A'a, dubi dai. Ba surukinka ba ne, Malam?"

Baba ya sunkuyar da kai kan carbinshi.

Na ga lokacin da maigidana ya tuna. Fuskarshi ta canza. Ya nemi yin abu uku a tare: ya kama birki, ya yunƙura zai tashi zaune, ƙafa ɗaya kuma tana ƙoƙarin fitar da takalmin ɗayar. Duk abin da muka koya ya zube. Tayar gaba ta juya, keken ya kwanta da shi a gefen kwata, ƙugunshi ya daki dutse. Ƙarar da ya yi ƙarama ce, ya haɗiye sauran.

Ya ja jiki, ya kafa gwiwa ɗaya, zufa na ɗiga daga haɓarshi.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, lafiya lau," in ji Baba, yana duban wani wuri. "Ku kama shi mana, kuna kallo!"

Ni ina nan bayan ƙyaure. Ba zan iya fita da gudu in rungumi mijina a gaban ubana ba, ba a yi. Na cusa bakin hijabi a bakina na cije. Samari suka ɗauke shi, wani ya turo keken a baya, sandar ta karye tana jan ƙasa.

Ya koma tabarma, ciwon ya fi na farko. Da yamma Inna ta zo da saƙo, don Baba ba zai iya faɗa mashi da bakinshi ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malam ya ce a faɗa maka ya yafe. Ka wuce abinka ko a kwance ko a tsaye, lalura ce. Ya ma ce daga gobe cikin masallaci zai koma zama, ba za ka gan shi ba."

Kuma ya koma ɗin. Dakalin nan da ya yi sumul saboda zamanshi, aka bar wa awaki.

Bayan ta tafi maigidana ya dubi rufin ɗaki.

"Baba ya yafe," ya ce. "Liman fa? Mai unguwa fa? Kawuna da ke bakin kasuwa fa? Duk su tashi su shige ɗaki don zan wuce?"

"Su ma za su yafe."

"Na sani. Ni ne ba zan iya ba."

Taubashin ya zo ya miƙe tayar da ta lanƙwashe, ya ce, "Kai ma da neman wahala. Ka kaɗa ƙararrawa ka ɗaga masu hannu kamar gwamna, shi ke nan." Ya jira a mayar mashi da baƙa kamar kullum. Ba a mayar ba. Ya tattara ƙarafunanshi ya fita.

Aka fara yankan gero yana kwance. Daga tsakar gida ina jin amalanken shanu suna wucewa da dammuna, ina jin matan maƙwabta suna sussuka. Alhaji ya zo da kanshi, da ɗan buhu a bayan mashin. Ya daɗe yana zancen ruwan bana da tsadar taki kafin ya kai ga maganar. Ya sa ɗan ƙanwarshi a wurin. In Allah ya kawo sauƙi, a zo a gani, ba a rasa abin yi ba. Muka yi godiya. Da zai tafi maigidana ya dafa bango zai miƙe ya raka shi.

"Zauna, zauna, don Allah," in ji Alhaji.

Bai zauna ba. Ya miƙe a hankali, leɓenshi a cije, ya taka har zaure, ya tsaya sai da ƙarar mashin ta ɓace. Sannan ya kira ni in zo in riƙe shi.

Na kwance bakin buhun bayan na kwantar da shi. Sabon gero ne, mai kyau, har da ɗan ɗuminshi. Na ɗebi na tuwon dare na zuba a turmi, na yi ta daka a hankali don kada ya ji.