Na Mai da Mantuwar Taubashina Abin Dariya

Na san ba za ku yarda ba, amma ku je tashar Gaya ku tambaya. A da, in na buɗe baki ko mai ciwon haƙori sai ya dara. Ɗan acaɓa ne ni, bakina ya fi mashin ɗina gudu. To, bakin nan ne ya kai ni ya baro.

Ina da taubashi a Toranke, ɗan yayar babana, ya ba sittin baya. Ya daɗe yana shan maganin ƙanjamau, daga ni sai matarsa muka sani. Ni nake goya shi zuwa asibiti, har sunana aka rubuta a katinsa, wai mai kula da shi. Duk gwajin da aka yi sai a ce ƙwayar cutar ta kwanta. Sai mantuwa ta fara. Ya kai gyaɗa kasuwar Ajingi, ya dawo a ƙafa, ya bar jakinsa a ɗaure. Ya ja mu sallar La'asar raka'a shida. Ni kuwa taubashi ne, wasa haƙƙina ne, wa zai hana ni? Na ƙara gishiri na ce raka'a goma sha biyu ce, jakin ma sai da ya kai ƙara wajen mai unguwa. 'Yan majalisarmu suka yi ta faɗuwa don dariya. Shi sai murmushi, don abin kunya ne ka yi fushi da wasan taubashi. Duk zuwanmu asibiti nas takan tambaye ni ko na ga wani canji a tare da shi, in ce mata ai kansa ya fi kwamfuta. Sai ya sunkuyar da kai.

Ranar da ya fita gonar gadonsu, a hanyar Gaya aka tsince shi, takalmi a hannu, yana tambayar gidan uwarsa da ta rasu tun ina goye. A ƙarƙashin tabarmarsa muka tarar da tulin ƙwayoyin da ya manta bai sha ba. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce ko magani ya danne cutar, akwai wani kumburi na ɓoye da kan saura a jiki, in shekaru suka ja yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ga kuma hawan jini ya haɗu masa. Ya ce da an faɗa da wuri, da an san abin yi. Ya duba katin, ya dube ni.

Yau taubashina bai san ni ba. Na yi barkwancin duniya a gabansa, kallona kawai yake kamar baƙo. Don Allah, in tsohonku mai shan maganin nan ya fara mantuwa, ku gaya wa likita, kada ku kai majalisa. Shekaranjiya na je neman gafararsa, matarsa ta tare ni a zaure ta ce, "Gafarar wa? Ai ya manta da kai, Malam. Koma tasha ka ba su wannan ma, su yi dariya."