Daren da Haboba ta ƙi cewa "ga ta nan"

A ƙauyenmu na kusa da Hasahisa, da an sallame isha sai mu zube gaban kakarmu, Haboba Inno. Wutarta ta karan auduga ce, hayaƙinta kan sa jaki tari. Mukan saurari Gizo da Ƙoƙi idanu na hawaye, ita kuwa ta ɗauka daɗin tatsuniya ne.

Sai aka kawo talabijin kulob ɗin ƙauye, muka watse mata. Akwai wani katun na yaƙi, aikin mutanen Japan, da aka ciro daga littafin zane. Yayana Bashir ya sayo littafin a kasuwar Wad Madani. Gaskiya katun ɗin ya iya tada tsikar jiki. Jarumin na da idanu kamar faifai, in ya yi tsawa da Larabci har awakin maƙwabta sai sun nutsu. Aibinsa, sojoji na zuba kamar ƙwari amma ko ɗigon jini babu, kuma shafin da uwar wani soja ke tsaye bakin ƙofa a littafin, sun tsallake shi.

Wannan katun ya shiga kan Yaya Bashir. Ya rantse da an gama tsinkar auduga zai hau lori ya je Madani ya shiga soja. Baba ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, a banza.

Wani dare injin wutar kulob ya lalace, muka koma wa Haboba ba kunya. Na ɗauki muciya na shiga kwaikwayon jarumin, na kashe runduna guda tsakanin murhu da randa. Ta karɓi littafin a hannun Bashir, ta karkata shi ga wuta. Ba ta ko dubi jarumin ba. Ta ɗora yatsa kan wani ɗan mitsitsin soja da ke faɗuwa a gefen shafi.

"Wanga ɗan wa na?"

"Haboba, ba kowa ba ne," in ji Bashir. "Ko suna ba shi da shi."

Ta ajiye littafin. "Wani yaro an yi, sunanai Sanda."

"Ta zo mu ji ta," muka amsa baki ɗaya.

"Ban ce ga ta nan ba."

A wurinta, abin da ba a buɗe da "ga ta nan" ba, ya faru ne.

Sanda ɗanta ne na fari, wan Baba. Ba mu taɓa jin sunansa ba. Zamanin yaƙin Taliyan lorin ɗibar soja ya tsaya bakin magudanar ruwa ana kaɗa ganga, Sanda ya tarar da ita tana tuƙa tuwo, ya ce ta ajiye masa nasa. Aka yi da su wajen iyakar Habasha. Ba gawa, ba saƙo. Liman ya ce ba za a yi sallar wanda ba a tabbatar ya mutu ba.

"Har yau ban san addu'ar da za ni yi mai ba," ta ce. "In ce Allah jiƙanai, ko Allah maido shi? Kai Bashiru, in ka tahi, hwaɗa min tun yanzu wacce za ni yi maka."

Muciyar ta suɓuce mini, don a lokacin na gane malmalar tuwon da take rufewa kowane dare, wadda nake lashewa ɗumame da safe ina taƙamar ni ne ɗan lele, ta Sanda ce.

Aka gama tsinkar auduga, lori ya zo ya tafi, Bashir na gona yana gyaran kwalbati.

Yanzu na kusa kai shekarun da Bashir ke da su a lokacin, kuma ban daina kallon katun ba, ƙarya ba kyau. Sai dai idan jarumi ya ɗaga takobi yara suna tafa masa, ni idona na can gefen allo, wurin waɗanda ke faɗuwa, ina tunanin a gidan wa aka rufe tuwo yau.