Ranar da Muka Kai wa Gwaggo Gambonta

Mun tashi daga Zinder ana sallame sallar asuba, mu huɗu a wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya: ni da direba da mai kula da inji, sai abokina ɗan wasan kwaikwayo. Kayanmu injin wuta ne da kaset, da tele, wato talabijin, naɗe cikin bargo. Ƙauyenmu na yankin Droum muka nufa.

Ga abin da ya fitar da mu. Akwai tsohon labarin Gambo Mai Jakai, bafataken da ya fita neman hatsi a shekarar yunwa. Tun muna yara gwaggona ke ba mu shi. Bana ƙungiyarmu ta 'yan wasa ta mai da shi wasan tele, ni na tsara. Na raba Gambo da jakuna na ba shi kamyo, wato babbar motar kaya, na ɗaura masa agogo, na ƙara da baƙin tabarau. Kafin a aika kaset Yamai na ce sai mai labarin ta gani. In faɗa maku gaskiya, yabo na je nema.

A bakin gari jandarma ya leƙa bayan mota ya tambayi wane ne ba shi da lafiya cikin bargo. Daga nan kwalta ta sallame mu, muka faɗa yashi. Gonaki dama da hagu karan bai kai gwiwa ba, ya bushe a tsaye. A wata 'yar kasuwa muka tsaya. Tiyar gero ta yi tsadar da mai awo ma da ƙyar yake faɗin kuɗin, akuya kuwa kamar kyauta. Muka jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli. Abokina, wanda ya tara gemu da tumbi don fitowa a Gambo, ya ci rabonsa ya leƙa nawa. Direba ya ce ya ɓoye tumbin nan, kada a zaci shi ya cinye damina.

Da hantsi muka isa. Garin duk mata ne da tsofaffi da yara, maza sun yi kudu tun da amfani ya ƙi. Na tarar da gwaggo tana sauya wa anza ruwa, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana da kwanaki ana jiƙawa kafin su ciwu. Ta rame, amma bakin na nan. Ta tambayi kowa na gida. Autanta da ya tafi Kano, har yau ba saƙo, shi kaɗai ba ta ambata ba, ni ma ban taɓo ba.

Bayan la'asar mushe, wato malamin makarantar boko, ya ara mana ajin lakwal, aka rufe tagogi, aka tada inji. Da Gambo ya bayyana sai mata suka dinga duban tele suna duban abokina, suna rufe baki. Inda kamyon ya ƙi tashi a tsakiyar rairayi Gambo na lallashinsa, gwaggo ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ashe halin jakin na nan. Kaina ya kumbura.

Sai ƙarshe ya zo. A labarin gwaggo, Gambo kan dawo da hatsi ana gab da fid da rai. A nawa kuwa ya sami aiki a Kano, ya zauna, ya mance hanya. Na ɗauka gaskiyar zamani na faɗa. Mata suka goya 'ya'yansu suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo ta jira har aka kashe inji, sannan ta dube ni.

"Ɗan nan, ka ba shi mota, ban ce komai ba. Tabarau ma ya yi masa kyau. Amma wa ya ce ka bar shi a can?"

Na fara bayanin cewa haka ake yi yanzu. Ta katse ni.

"Na fi ka sani. Matan nan kowace tana da nata a kudu. Ka ɗauko inji tun daga birni, ka tara su, don ka faɗa masu ba ya dawowa?"

Tausayinta ya kama ni, kunya ta biyo baya. Da za mu tafi ta ƙulle mana anza a tsumma, ta ce wa abokina Allah ya yi masa albarka, ya iya wasa.

A hanyar dawowa ba wanda ya tsokani wani. Tafiyar ta koya mani cewa mutanen tsohon labari ba su ƙin sabuwar riga. Abin da ba a taɓawa shi ne dalilin da ya sa ake ba da labarin, kuma a shekara irin wannan ya fi nauyi.

Mun shigo Zinder bayan isha'i. Abokina ya ce gobe zai je wajen wanzami. Na ce kada ya kuskura ya taɓa gemun nan, kaset ba ya zuwa Yamai tukuna. Akwai sauran tafiya gaban Gambo, gwaggo na jiransa a gida.