Hannaye a Tagar Tikiti

Duk wanda ya gina tsohuwar tashar jirgin ƙasan nan, Allah ya yafe masa. Ya ɗaga bangon dutse mai kauri, ya yi zauren jira da dogayen bencina da famfo a kusurwa, ya rataya agogo a saman ƙofa. Da ya zo kan tagar tikiti sai rowa ta kama shi, ya huda ta ƙasa-ƙasa, daidai cibiyar mutum. Wanda ke ciki ba ya ganin komai sai hannu.

A bayan tagar nan Mai Taga ya tsufa. Ya san garin kaf ta hannaye: na tela mai saɓar almakashi, na makaniki da baƙin mai a farce. Ya gaji wata al'ada daga magabatansa, wai mai tikiti ba ya sunkuyawa ya leƙa fasinja, zubar da girma ne. Ya riƙe ta kamar farilla.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, kuma kansu ɗaya wajen taurin kai. Uban ya nema masa aiki a tashar, yaron ya ce ba zai ƙare rayuwarsa cikin akurki ba. Magana ta yi zafi. Washegari hannu ya shigo tagar, da tabon ƙuna a babban yatsa. Uban ya gane hannun ɗansa sarai. Ya buga tikitin ƙarshen layi, ya tura, bai sunkuya ba.

Daga ranar ya daina karɓar hutu. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Malam, mai dawowa ba ya bi ta tagarka. Masu tafiya kaɗai kake gani."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Har ta rasu yana can yana duban hannaye, yana neman guda ɗaya.

Da aka zo gyaran tashar, aka fasa bangon don a sa gilashi, aka sallame shi. Yana tsaye cikin ɓaraguzai sai wani tsohon ɗan dako, abokin wasansa, ya matso. Yau babu zolaya a bakinsa.

"Malam, ɗanka fa ya zo, bara da damina. A bencin can ya wuni, yana kallon tagarka. Ya haɗa ni da Allah kada in faɗa, wai yana so ya ga ko za ka leƙo da kanka."

"Me ya hana shi zuwa sayen tikiti?"

"Na zuwa da komawa ya yanko tun daga can."

Mai Taga ya zauna a kan dutsen da aka fasa. 

"Yaya ka gan shi? Ya rame?"

"Bai rame ba, Malam. Furfura dai ta fara fito masa."